Ranar da Zoɓo Ya Kusa Raba Ni da Aikina

Akwai abin da kan faru da mutum ya kwana biyu ya manta, akwai kuma wanda ko ya so mantawa jama'a ba za su bar shi ba. Nawa yana cikin kashi na biyu. Shekaru sun shuɗe, furfura ta fara leƙo mini a gemu, amma wannan al'amari ba na jin zan manta da shi har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina koyar da darasin zaman ɗan ƙasa nagari a wata sakandaren jeka-ka-dawo a yankin Bunguɗu. A Gusau nake zaune da matata da 'yarmu ƙarama, kullum da safe in tafi tasha in hau mota, da rana in dawo. Ni kuwa irin malaman nan ne da ba su iya tsayawa wuri ɗaya su karanta wa yara littafi. Idan darasin zaɓe ne, sai na zama ɗan takara ina rabon alkawari. Idan na cin hanci ne, sai na tare ƙofar aji na zama mai shingen hanya. Yara suna son haka, ni ma ina jin daɗin yadda suke so, har wani lokaci nakan ɗan wuce gona da iri.

Da muka zo kan illar shaye-shaye, sai na ce wannan darasi ba na baki kawai ba ne, domin abin ya fara cin samarin ƙauyukanmu. Na je wurin wani mai kemis a unguwarmu na roƙi kwalbar maganin tari wadda ba komai a ciki, na wanke ta tas, na ce wa matata ta cika mini ita da zoɓo. Ta dube ni, ta dubi kwalbar, ta tambaye ni ko gorunan gidan sun ƙare ne. Na ce mata harkar koyarwa ce, ba za ta gane ba. Yau idan na tuna wannan amsa sai in ji kunya, don ashe ita ce ta gane.

Ranar Juma'a ce. Na shiga aji na rubuta kan darasi a allo, na ce wa yara su kalli mutumin da zai shigo yanzu su faɗa mini ko suna so su zama shi. Na fita, na karkata hula, na ɓalle maɓallin riga, na lumshe ido, na dawo ina layi. Na yi karo da tebur na ba shi haƙuri. Na gai da allo. Na ɗaga kwalbar nan na kurɓa, zoɓo ya zubo mini a haɓa, sannan na ja murya na ce, "Ni ba wanda ya isa ya hana ni sha. Ko firinsifal ne ya zo nan, ba wanda ya isa."

Aji ya kece da dariya, har wasu suna dukan benci. Da suka lafa sai na gyara hula, na goge baki, na shiga bayani na gaskiya: yadda abin ke fara wa yaro da wasa, yadda yake cinye masa hankali da lafiya, yadda uwa ke kwana ba barci saboda ɗanta. Ajin ya yi tsit. Na ga wasu sun sunkuyar da kai. Na fito ranar ina jin ban taɓa koyar da darasi mai kyau irinsa ba.

Washegari da hantsi ina kwance ina hutawa, matata ta shigo da waya a hannu tana dariya har da hawaye. Ta ce ga ni a waya. Wata ƙawarta ce ta turo mata. Na karɓa na duba, sai ga ni, hula a karkace, ina gai da allo. Da farko ni ma na yi dariya. Sai na lura bidiyon ya fara ne daga inda na shigo ina layi, ya ƙare daidai inda na ce ba wanda ya isa. Babu gabatarwa, babu bayanin da ya biyo baya. An ɗora masa wani kiɗa, an rubuta a samansa: ku ga malamin 'ya'yanku a cikin aji.

Dariyar matata ta tsaya ne lokacin da yayarta ta kira tana salati.

Kafin azahar bidiyon ya zaga duk wani guruf na waya da na sani da wanda ban sani ba. Na yi kuskuren karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashinsa. Wani ya ce ya daɗe da sanina, ai tun ina ƙarami haka nake. Wani ya ce maƙwabcinsa ne ni a Kaduna, garin da ban taɓa kwana cikinsa ba. Wata ta ce a duba idanuna kawai, sun isa shaida, alhali jan idon nan gadonsa na yi a wurin mahaifina. Masu tausayi suka yi mini addu'ar shiriya. Na rubuta cewa wasan kwaikwayo ne na darasi, zoɓo ne a kwalbar, sai wani ya amsa mini da cewa dama duk haka suke cewa.

A masallacin unguwarmu, idan liman ba ya nan ni ake turawa gaba. Ranar da la'asar liman bai zo ba. Aka ta da iƙama, na ɗaga ƙafa zan shige gaba kamar yadda na saba, sai na ji an riƙe mini hannun riga. Wani dattijo ne da muke mutunci da shi ƙwarai. Bai ko dube ni ba, ya ce a hankali, "Malam, yau ka huta." Aka tura wani tela ya ja mu. A nan na fara gane cewa abin ya wuce wasa.

Ranar Lahadi Inna, mahaifiyata, ta aiko in zo Tsafe ko me nake yi. Inna ba ta da babbar waya, ko ƙaramar ma sai an danna mata, amma jikokin maƙwabta sun nuna mata ni har sau ba adadi. Na tarar da tsakar gida cike da mata, har da danginmu na 'Yandoto, sun zo jaje kamar an yi rasuwa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Matso nan," ta ce. "Buɗe bakinka."

Na buɗe. Ta sansana, ta sake sansanawa, ba ta ji komai ba sai ƙosan da na ci a tasha. Ta koma ta zauna ta ce, "Mi na rage ka da shi? Mi anka yi maka da za ka saka muna da wanga abu?"

Na rantse mata, na yi mata bayani tun daga mai kemis har zuwa allo. Da na zo kan cewa zoɓo ne a kwalbar, sai ta ɗaga mini hannu ta ce tun kafin a haife ni take shan zoɓo, bai taɓa sa ta gai da bango ba. Matan da ke wurin suka gyaɗa kai, alamar hujja ta kama ni. Daga ƙarshe dai ta ce ta yarda da ni, domin ita ta haife ni. Amma da zan tafi sai ta sa aka ɗauko mini galan guda na rubutu, ta ce in dinga sha safe da yamma. "In ka sha abin, shi yi maka magani. In ba ka sha ba, shi yi maka maganin bakin duniya." Haka na hau mota da galan a cinya, fasinjan da ke kusa da ni yana kallon fuskata yana kallon galan ɗin, yana matsawa.

Ranar Litinin firinsifal ya kira ni ofis. Mutum ne mai sanyin hali, ya kusa ritaya, ba abin da yake so kamar ya gama aikinsa lafiya ba a ji sunansa ba. Ya ce ya san ni, ya san ba na sha, ya kuma tambayi 'yan ajin duk sun ce darasi ne. Abin da bai gane ba shi ne dalilin da ya sa na sako shi a ciki. Ga sarakuna, ga 'yan siyasa, ga 'yan sanda, me ya sa sai firinsifal? Tun shekaranjiya abokansa ke kiransa suna tambayarsa ko da gaske bai isa ba. Sannan ya faɗa mini babbar maganar: an kira daga ofishinmu na Gusau, an ce in zauna a gida har kwamiti ya saurare ni. Shaidar yara kuma an ce ba ta wadatar ba, domin ɗalibi zai iya kare malaminsa don tsoro. Wanda ya ɗauki bidiyon kuwa, duk ajin sun ce ba su ga kowa da waya ba.

Kwanakin da na yi a gida ba na dariya ba ne. Aikin nan shi ne abincinmu, kuma shi kaɗai na iya. Dangin matata suka fara cewa ko za ta zo gida ta ɗan huta, ta ce ba inda za ta, ita ta dafa zoɓon da hannunta. Na je wurin mai kemis in roƙe shi ya yi mini shaida, ya haɗa ni da Allah kada in ambaci shagonsa, wai kada a ce shi ke sayar mini. Idan na fita sayen wani abu, yaran unguwa su biyo ni daga nesa suna tangaɗi. Na rage fita. Na rame. Ramar ma aka ce alama ce.

Ranar zaman kwamiti na sa farar riga da hular da ta zauna daram a kaina. Mutum uku na tarar: wata Hajiya babbar darakta ita ce shugaba, sai wani tsohon sufeton makarantu mai tabarau, sai wani matashi mai rubuta abin da aka faɗa. Aka kunna bidiyon a gabana. Matashin nan ya sunkuyar da kai yana ta faman cije leɓe. Na yi bayanina tiryan-tiryan. Da na gama sai tsohon sufeto ya ce tunda na ce kwaikwayo ne, to in maimaita a gani.

Na miƙe. Kunya ta hana ni sakin jiki, na ɗan yi layi kaɗan kamar mai ciwon ƙafa, na faɗi maganar da murya ƙasa-ƙasa. Sufeto ya girgiza kai ya ce wannan ai bai yi kama da na bidiyo ba ko kaɗan, na bidiyo shi ne na gaske. Na ga aikina yana shirin tafiya saboda rashin iya wasa. Sai na ce a ba ni dama ta biyu. Na karkata hula, na ɓalle maɓalli, na ɗauki kwalbar ruwan da ke kan tebur, na fita na dawo. Na yi karo da kujera na ba ta haƙuri, na gai da kalandar bango, na ce ba wanda ya isa. Matashin nan ya ajiye biro ya fita da gudu, muna jiyo dariyarsa a baranda. Hajiya ta rufe baki da gefen mayafi.

Sufeto bai yi ko murmushi ba. Ya sauke tabarau ya dube ni ya ce, "To Malam, mutumin da bai taɓa sha ba, a ina ya iya wannan?"

Na tsaya da hula a karkace. In na kasa, na gaske ne a bidiyo. In na iya, na saba. Na dai ce masa a tasha na koya, domin kullum ina jiran mota ina kallon masu yi. Ya ce to, a rubuta an ce a tasha.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Firinsifal ne, tare da wani dattijo da ƙurar gona a ƙafarsa, da wani yaro a bayansu. Nan take na gane yaron. Shi ne ɗalibin da na fi ji da shi a ajin, mai natsuwa, wanda ba ya ko ɗaga ido. Da za a ce in zargi duk ajin ɗaya bayan ɗaya, shi ne na ƙarshe.

Dattijon ya durƙusa ya ce shi manomi ne daga Karakkai. "Ranki ya daɗe, wanga yaro ɗana ne, shi ya ɗauki hoton Malam. Yau da safe ya hwaɗa mini, na ce ba mu kai rana ba mu zo nan ba."

Hajiya ta tambayi yaron dalili. Da ƙyar maganar ta fito. Ashe yana da wa, wanda maganin tarin nan ya kama shi, an yi faɗa an yi nasiha abin ya ƙi. Da yaron ya ga kan darasin a allo, sai ya ciro wayar da ya ɓoye a jaka, ya jingina ta da littafi ya ɗauki darasin tun daga farko har ƙarshe, don ya kai wa wansa ko Allah zai sa ya ji. Wan ya kalla, ya ga kamar da shi ake, ya ji haushi. Ya tura wa kansa bidiyon, ya yanke inda ya ga dama, ya sa kiɗa ya watsa, wai shi ma malamin ya ji yadda ake ji idan ana yi da mutum. Yaron ya ga abin da ya biyo baya, tsoron kora ya hana shi magana, har sai da ya ji an ce yau za a yanke mini hukunci.

Na zo wurin nan da niyyar duk ranar da na gano wanda ya yi mini haka, sai ya gane kurensa. Da na ji wannan sai na sauke wannan niyya.

Aka kunna cikakken bidiyon, muka kalla har ƙarshe, ba mai tari. Sufeto ya ce darasi ya yi kyau, babu laifi a kaina, ko da yake shi har yanzu maganar tashar nan ba ta gamsar da shi ba.

Firinsifal ya ce korar yaron zai yi, don doka ta hana zuwa da waya. Uban ya ce duk hukuncin da aka yanke daidai ne. Ni na roƙa a bar shi. Hajiya ta juya wurin yaron ta yi masa magana, ba da faɗa ba. Ta ce ita ba za ta ce ɗaukar bidiyo a ɓoye bai taɓa amfani ba, domin ta taɓa ganin inda ya tona asirin malamin da ke zaluntar yara, kuma ga shi yau cikakkensa ne ya wanke ni. Amma wanda ya ga zalunci, shugaban makaranta zai kai wa, ko iyaye, ko ofis irin wannan, ba kasuwar duniya ba. Wanda kuma ya ga abin kirki yana so ya adana, me zai hana ya nemi izini? Ta tambaye shi, "Da ka ce wa malaminka kana so ka kai wa ɗan'uwanka, kana jin zai hana ka?"

Yaron ya girgiza kai yana hawaye. Gaskiya ne, da ba zan hana shi ba. Da ma har gidansu zan je, kuma da ba zan sako firinsifal ba.

Aka mai da ni aiki. Yaron aka karɓe wayarsa har ƙarshen zango, aka ba shi noman wani yanki na gonar makaranta, abin da ga ɗan Karakkai hutu ne. Aka watsa cikakken bidiyon don a wanke ni, amma sai na ga wani abin mamaki: ba wanda ke kallonsa. Ya yi tsawo, kuma ba kiɗa. Waɗanda suka tura guntun ga duk wanda suka sani, ba su ga dalilin tura wannan ba. Inna ce kaɗai na san ta sa an kunna mata shi har ƙarshe, ta kuma ce rubutunta ne ya yi aiki.

Bayan 'yan kwanaki dattijon nan ya kawo babban ɗan nasa gidana ya ba ni haƙuri. Saurayi ne dogo, duk ya bushe, ya zauna a bakin tabarma yana kallon ƙasa. Ya ce in yafe masa, na ce na yafe. Na yi masa 'yar nasiha, yana gyaɗa kai. Da suka tashi tafiya, uban ya yi gaba, sai ya ɗan dawo ya rage murya ya ce, "Malam, ka iya ƙwarai. Sai dai ba a ɗaga kwalbar sama haka, zubewa take yi." Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, ita ce ta farko da na yi tun ranar da abin ya fara. Ba zan ce muku nasihata ta shiryar da shi ba. Na dai ji daga baya an kai shi asibiti, ya samu sauƙi, yana taya ubansa noma. Ƙanen kuwa ya gama makaranta da sakamako mai kyau, har yau yana zuwa gaishe ni da salla, kuma ko hoto zai ɗauke mu sai ya tambaya.

Ni dai suna ya bi ni. Har gobe idan na shiga tasha, sai wani kwandasta ya ɗaga murya ya ce a ba Malam Ba-wanda-ya-isa gidan gaba. Akwai kuma mutanen da har yanzu idan an ambace ni sukan ce, ai wannan malamin da ya taɓa shaye-shaye ya tuba. Na gaji da gyara musu, yanzu amin kawai nake cewa.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, mutuncin mutum ba ya da wuyar zubarwa, kuma ba sai mugu ne ke zubar da shi ba. Yaron da ya ɗauke ni alheri ya nufa, amma da ya ɗauka ba da sanina ba, ya fitar da abin daga hannuna, sannan ya fita daga nasa hannun. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to bidiyo ya fi ta, domin ita magana akan manta da ita. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina, kada ka ɗauki mutum sai ya sani, in kuwa zalunci ka gani, ka kai inda za a yi maganinsa. Ni kuma duk ranar da aka turo mini guntun bidiyon wani bawan Allah ana dariya, nakan tambayi kaina me ya faru kafin nan, me ya faru bayan nan. In ban sani ba, a wayata yake kwana, ba ya wuce nan.